Idan Wanka Bai Raba Mutum da Wari Ba

A Lambara, da sauran garuruwan da ke tsakanin Boɗinga da Shagari, ba wanda zai yi mamakin jin tsamin zufa a jikin mutum cikin watan Afrilu. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40 da rana. Manomin da ya wuni a fadama, da ɗan kabu-kabu, da matar da ta wuni a bakin murhu, kowa yakan koma gida da abin da rana ta bar masa a jiki. Wannan bokitin ruwa da sabulu sun ishe shi. Maganata a kan wani ne daban: mutumin da ya yi wanka da asuba, ya sake da azahar, ya sake da dare, ya aske hammata, ya canza riga, ya zuba turare, amma kafin ya kai kasuwa abin ya dawo. Yana kallo na kusa da shi a sahun sallah ya ɗan ja jiki. Yana kallo wani ya sauke gilashi a cikin mota. In budurwa ce, maganar aurenta takan mutu ba a gaya mata dalili ba. In amarya ce, sai ta ga miji yana nisa da ita, ta fara zargin ko an shiga tsakaninsu ne.

Mun gaji magana mai kyau, cewa tsafta cikon addini ce, sai muka ɗora mata abin da ba ta ce ba, wai duk mai wari ƙazami ne. Wannan hukunci zalunci ne a kan mutane da yawa da suka fi masu zarginsu yawan wanka. Wari yana da tushe, kuma tushen nan ba ɗaya ba ne. Wani a fata yake, wani a tufafi, wani a abinci, wani kuwa ciwo ne a cikin jiki yake aiko da saƙo. Wanda bai gano nasa ba, zai ƙarar da sabulu da turare da kuɗi, ya ƙarar da kwanciyar hankalinsa, abin na nan inda yake.

Zufa ita kanta ba ta wari. Maɓuɓɓugan zufa a jikin ɗan Adam iri 2 ne. Na farko suna ko'ina a fata, tsakanin miliyan 2 zuwa 4, abin da suke fitarwa ruwa ne da ɗan gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Na biyu sun taru ne a hammata da mara da kewayen kan nono. Da su ake haihuwar mutum, amma ba sa fara aiki sai ya balaga. Shi ya sa yaro ɗan shekara 6 zai wuni yana guje-guje a rana ba ka ji komai a jikinsa ba sai ƙura, wansa ɗan shekara 15 kuwa yana shigowa ɗaki kowa ya san ya shigo. Ruwan da maɓuɓɓugan na biyun ke fitarwa yana da kauri da maiƙo, kuma shi ma lokacin da yake fitowa ba shi da wari. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a fatar kowa, sarki da talaka, su ke cin sa, abin da suka bari shi hanci ke ji. A 2020 masu bincike a Jami'ar York ta Ingila suka gano yadda wata ƙwaya mai suna Staphylococcus hominis ke mayar da zufa marar wari zuwa wani sinadari mai warin albasa, wanda hanci ke kamawa ko da ɗan mitsitsi ne.

To, mutum biyu na iya yin wanka da sabulu ɗaya a bayi ɗaya, ɗaya ya wuni lafiya, ɗayan ya fara tsami kafin hantsi, saboda maɓuɓɓugansa sun fi girma ko sun fi aiki, ko irin ƙwayoyin da suka fi yawa a fatarsa masu yin warin ne. Sabulu yana rage su, ba ya ƙarar da su, cikin 'yan sa'o'i sun sake hayayyafa. Akwai gado a ciki. A 2006 masana a Japan suka gano ƙwayar halittar da ke sa dauɗar kunnen wasu ta zama busasshiya ta wasu kuma mai danƙo, daga baya aka tabbatar ita ce ke da hannu a warin hammata. Mafi yawan mutanen Koriya da Sin da Japan sun gaji nau'in da ba ya barin hammata ta yi wari sosai. Mu mutanen Afirka, da Turawa, kusan dukkanmu ɗaya nau'in muka gada. Bambancin da ke tsakaninmu na yawa ne da ƙaranci.

Akwai maganar da ake yi a gidajenmu, cewa wanda ungozoma ba ta wanke da kyau ranar haihuwarsa ba shi ke tashi da warin ƙashi, kuma ba ya rabuwa da shi har abada. Wannan magana ba ta da tushe, kuma ina so a daina ta, don tana cutarwa ta fuska biyu. Tana yanke wa babba ƙauna, ya ɗauka abin ya riga ya wuce gyara, yana kallon mahaifiyarsa da laifin da ba ta yi ba. Tana kuma sa a kama jariri ɗan sa'a guda a dirje shi da soso. Maɓuɓɓugan da ke kawo warin ba za su farka ba sai bayan shekara 10 da wani abu, kuma saman fatar mutum sabuntawa yake yi kusan duk wata, ba abin da ranar haihuwa za ta bari ya zauna a kai. Farin maiƙon nan da jariri ke fitowa da shi kariya ce ga fatarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta ita ce a jinkirta wankan farko har sa'a 24, a goge jaririn kawai a lulluɓe shi a ƙirjin uwarsa, domin sanyi yana kashe jarirai, balle a hunturu.

Idan warin daga hammata yake, akwai abin yi, kuma mafi yawansa ba shi da tsada. Abin shafawar da ake sayarwa a kemis da shagunan kayan kwalliya iri 2 ne, masu saye da yawa ba su san bambancinsu ba. Ɗaya ƙamshi ne da ɗan abin rage ƙwayoyi. Ɗayan yana da gishirin alminiyam a cikin sinadaransa, shi ne ke toshe bakin maɓuɓɓugan ya rage zufar kanta. Wannan na biyun da dare ake shafa shi, a busasshiyar fata, lokacin da jiki ya huce, don ya samu ya shiga. Wankan safe ba ya cire aikinsa. Wanda ya shafa da safe a jiƙaƙƙiyar hammata ya fita rana, zufa ce za ta wanke shi kafin ya yi komai. Kada a shafa nan take bayan aski, yana zafi yana kawo ƙuraje, kuma mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Alimun ɗin nan da ake tace ruwa da shi danginsu ɗaya, kuma dabarar iyayenmu ta jiƙa shi a goga a hammata tana da ma'ana, don yana ɗaure fata yana hana ƙwayoyin sakewa. Ga wanda abin ya fi ƙarfin wannan, likita kan rubuta ruwan wanka mai kilohekzidin, sinadarin da aka san shi wajen shafa wa cibiyar jarirai, sai dai haɗin wanka daban ne, kuma ba a kai shi ido ko kunne ko cikin gaba.

Gashi yana riƙe zufa da ƙwayoyi. Hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim ya iyakance barin gashin hammata da na mara da kada ya wuce kwana 40, amma wannan iyaka ce ta ƙarshe. Mai wannan larura gara ya riƙa cirewa duk mako. Ya kuma duba gashin da kyau. In ya ga wasu ƙananan abubuwa rawaya ko ja sun manne a jikin silin, ba sa fita da wanka, ƙwayoyi ne suka yi gida, kuma askewa da maganin shafawa na raba shi da su. Haka tabo mai ruwan ƙasa a hammata ko matsematsi, wanda ya fi kama masu ƙiba da masu ciwon suga, da ƙananan ramuka a tafin ƙafar mai wuni cikin takalmin roba. Duk suna wari, duk suna da magani, kuma ba ɗayansu da ƙarin wanka ke warkarwa.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne azabar da mutane ke yi wa jikinsu. Soso mai kaushi har fata ta ɗaye, lemun tsami, kanwa, man goge baki, ruwan kashe ƙwayoyi da ba a sirka ba. Fatar hammata siririya ce. Tana ƙonewa ta yi baƙi ta tsattsage, kuma fatar da ta ji rauni ta fi daɗin zama ga ƙwayoyin da ake son kora.

Inda aka fi mantawa kuwa shi ne tufafi, kuma a ganina nan ne matsalar mutane da yawa take kwance. A 2014 wasu masana a Jami'ar Ghent ta Beljiyam suka karɓi rigunan mutum 26 bayan sun yi motsa jiki mai ƙarfi, suka ajiye su, sannan aka shinshina. Na roba sun fi na auduga wari nesa ba kusa ba, kuma an samu wata ƙwaya da ke yaɗuwa a zaren roba, ba ta son auduga. Yanzu a dubi abin da muke sawa. Hijabin mata mafi yawa na roba ne, haka kayan makaranta, haka rigar ƙwallon da samari ke kwana da ita su tashi da ita, haka rigar mama da ɗan kamfai masu araha. Zaren roba yana kama maiƙon zufa, wankin ruwan sanyi na gaggawa ba ya fitar da shi duka. Rigar takan bushe kamar ta fita, amma da jiki ya ɗumama ta sai tsohon warin ya farka. Mai ita ya yi wanka tsaf, ya mayar da jikinsa cikinta, kamar an tatso sabuwar madara an zuba a ƙwaryar da ba a wanke ba.

Manyan kaya ma suna da nasu. Shadda mai tsada ba a son yawan wanke ta don kada sheƙinta ya mutu, sai a sa ta Juma'a, a shanya ta sha iska, a turara ta, a ninke, a sake sawa ranar suna. Gwajin yana da sauƙi: a ɗauki rigar da aka wanke, a ɗora dutsen guga mai ɗumi a hammatarta, a shinshina. In wari ya tashi, to an kama ɓarawo ɗaya. Maganinsa shi ne rigar ciki ta auduga mai ɗan hannu wadda za ta rufe hammata, a canza ta kullum. A jiƙa kaya cikin ruwan ɗumi da omo kafin wanki, a cuɗa hammatar musamman, a juya cikin waje a shanya a rana har su bushe ƙayau. Rana dai Allah Ya hore mana ita. Tawul da zanen gado da hula da ɗankwali su ma a sa su a lissafi. Humra da turaren wuta ado ne da muke alfahari da shi, ban ce a bari ba, amma wurinsu tsaftataccen jiki ne da wankakken tufafi. In suka haɗu da tsohuwar zufa, abin da ke fitowa ya fi warin farko nauyi.

Abinci ba sai na daɗe a kansa ba. Ƙasarmu ƙasar albasa ce da tafarnuwa, kuma sinadarin tafarnuwa yana shiga jini ya fito ta numfashi da fata, wani lokaci har washegari, asuwaki ba ya kai gare shi. Hulba, wadda mata da yawa ke sha don ƙiba ko ruwan nono, tana fita a zufa da fitsari da wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke kama tufafi. Wanda yake zargin ɗayansu ya bar shi mako 2 ya gani. Man bilicin kuwa ba abinci ba ne, amma shi ma a jiki yake aiki: a 2008 Farfesa Yetunde Olumide da abokan aikinta a Legas sun lissafa ƙarni irin na kifi cikin illolin daɗewa ana shafa shi, ban da yadda yake sirantar da fata ya buɗe ƙofa ga cututtuka.

Sai inda maganar ta fi nauyi, wato warin da ciwo ke kawowa. Mace mai jin ƙarni daga gabanta, musamman bayan al'ada ko bayan saduwa, tare da ruwa mai launin toka, yawanci daidaiton ƙwayoyin wurin ne ya rikice. Wannan ba shaidar ƙazanta ba ce, ba kuma shaidar lalata ba. Abin takaici, wanke ciki da sabulu da cusa miski ko kanumfari ko kayan matsi, waɗanda ake yi don neman gyara, suna cikin abubuwan da ke ƙara rikita shi. Maganin asibiti na mako guda yakan kawar da shi. Wadda kuma ta sha doguwar naƙuda, daga baya fitsari ya riƙa zubo mata ba tsayawa, yoyon fitsari ne. Ita ce ƙarshen misalin mai tsaftar da ake kira ƙazama: tana wanke tsumma dare da rana, zarni bai bar ta ba, har a ware mata kwano da ɗaki, wani lokaci a sake ta. Ɓula ce da ake ɗinkewa da tiyata. Ana yin aikin a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha a cikin Sakkwato, ana yi a Babbar Ruga a Katsina. Daga Lambara zuwa Sakkwato ba tafiyar kwana ba ce, bai kamata a ce akwai matar da ke zaune a ɗaki shekara da shekaru da wannan ba.

Akwai kuma wata larura ta gado da ba a cika sani ba, wadda aka fara bayyanawa a 1970, aka gano ƙwayar halittarta a 1997. Cikin hanjin kowa ana samar da wani sinadari mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi idan an ci wasu abinci, hanta ce ke mayar da shi marar wari. Masu wannan larura hantarsu ba ta iya wannan aikin sosai, sai ya fito ta zufa da numfashi da fitsari. Yana zuwa yana tafiya, yakan tsananta lokacin balaga da lokacin al'ada, shi ya sa mai shi kan je gaban likita ranar da babu komai a ce masa tunani ne. Wata cibiyar nazarin ƙamshi da ɗanɗano a Filadelfiya ta Amurka ta gwada mutum 353 masu kukan warin da ba a gano dalilinsa ba, a rahotonta na 2011 kusan kashi 1 cikin 3 wannan larurar gare su. Ba a warkewa daga gare ta, amma ana sarrafa ta: a rage ƙwai, hanta, ƙoda, wake, awara da kifin teku, wato kifin ƙanƙara, wanda ya fi na gulbi wannan sinadarin, a kuma yi amfani da sabulu marar kaifi. Mai ciki da mai shayarwa da yaro kada su yanke waɗannan abinci da kansu, jiki na bukatarsu.

Babban da warinsa ya canza farat ɗaya, ya kula. Numfashi mai ƙamshin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace ga mai ciwon suga, tare da amai da ƙishirwa, na gaggawa ne, a tafi asibiti a daren. Zarni a numfashi na iya nuna ƙoda. Zufar dare da rama da tari na neman gwajin tarin fuka. Yaron da hancinsa ɗaya ke fitar da majina mai ɗoyi, yawanci ƙwayar wake ce ko dutsen ado ya cusa.

Akwai kuma wanda ba ya wari ko kaɗan, amma ya sakankance yana yi. Duk wanda ya taɓa hanci ko ya yi tari, da shi ake. Yana wanka har fata ta bushe, ya daina zuwa masallaci da taro. Sau da yawa wata kalma ce da aka jefe shi da ita tun yana makaranta ta zauna masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ana maganinsa da shawara da ƙwayoyin magani, a wurare irin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Wahalarsa ta gaske ce, ba raki ba ne.

Mai warin gaske da mai waswasi abu ɗaya suka rasa: wanda zai gaya musu gaskiya. Hanci yakan saba da warin mai shi har ya daina ji, saboda haka mutum ba ya iya zama alƙalin kansa a nan. Mu kuwa mun zaɓi habaici da zunɗe da toshe hanci, abin da aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana ƙarara, muka bar magana a keɓe wadda ita ce gyara kayanka. Gwaggo na iya jan yarinya ɗaki ta ce, “Ɗiyata, wata magana ce tsakanina da ke. Na san ba ki wasa da wanka, amma ina jin wani abu a kayanki, zo mu duba tare.” Miji na iya gaya wa matarsa ya kuma raka ta asibiti, maimakon ya juya mata baya. Malamin makarantar kwana da ya ga an ware wani yaro ana yi masa laƙabi, nauyin yana wuyansa.

Shi kuma mai larurar ya zaɓi mutum ɗaya da ya yarda da shi, ya roƙe shi ya riƙa gaya masa ranar da abin ya tashi da ranar da babu, da kuma ta ina yake fitowa: hammata, baki, ƙafa, gaba, ko dukan jiki. Ya riƙe abin da ya ci da abin da ya sa a waɗannan ranaku. In ya gyara tufafi da aski da abin shafawa na wata guda bai ga sauyi ba, ya tafi asibitin da ke kusa, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo inda ake samun likitocin fata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ranar zuwan kada ya zuba turare ko humra. Ya ƙulla rigar da ya wuni da ita a leda ya tafi da ita, tare da duk man da yake shafawa da duk maganin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ya nemi a auna masa suga.